Ƙeyar Lamba Biyar

Sana'arsa yankan gilashi ce, amma ko masu kawo masa aikin taga Gola suke ce masa, shi kuma ya daina gyara musu tun kafin furfura ta fito masa. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujerun mota. Gilasai na jingine da bango a kan yankakkun tayoyi, ga tebur ɗaya da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, inda yake kwantar da gilashi ya ja masa layi sannan ya ɓalle shi da manyan yatsunsa. Tun da ya buɗe shagon ba a taɓa jin gilashi ya suɓuce daga hannunsa ba. Maganar ƙwallo ranar Lahadi kuwa, gara a bar ta.

Ƙungiyar tasu ta dattawa ce, duk da su ba sa son a faɗa. Suna taruwa da safiyar Lahadi a wani fili da ke bayan masu sayar da katako, rabinsa yashi, rabinsa ciyawar da awaki suka raina. Kafin a fara wasa sai an ɓata lokaci ana shafa man zafi a gwiwa, ana naɗe idon sawu da bandeji, ana ba da labarin abin da likita ya ce, har warin man ya kori ƙudajen wurin. Alƙalin wasansu tsohon direban babbar mota ne. Usur ɗinsa ya ɓata tun shekarun baya, sai yake sa yatsu biyu a baki ya yi fito, kuma ba ya barin inuwar bishiyar da ke gefe ko da kisan kai ake yi a ɗaya ɓangaren. Raga babu. Turakun ƙarfe ne kawai da mai walda ya haɗa musu, saboda haka duk ƙwallon da ta shiga sai ta zarce har kwatar da ke baya, kuma dokar wurin ita ce mai tsaron gida ke ɗaukowa. Babu wanda ya san kwatar nan kamar Gola.

Ba don ya iya aka ba shi gidan ba. Ranar da aka kafa ƙungiyar shi kaɗai ke da safar hannu, ta aikin gilashi, a aljihun wandonsa. Aka ce ai shi ke nan an sami gola, kuma babu wanda ya sake tayar da maganar.

Mutumin da ke tsaye a gabansa duk tsawon shekarun nan shi ne Lamba Biyar, mai tsaron baya. Da ya fara zuwa filin, wata shuɗiyar riga ce a jikinsa mai lamba biyar a baya, aka ce masa, "Kai Biyar, tsaya can," ya tsaya. A ranar ana sauri, ba a tambayi sunansa ba. Aka yi shekara ba a bukaci sunan ba, daga nan kuma tambayar ta zama abin kunya, don ba ka cewa mutumin da kuka sha faɗuwa tare a yashi ya gaya maka sunansa. Lambar ma ta gaji ta ɓare, ta bar inuwarta a jikin rigar da ta koɗe, amma ana iya karanta ta daga tsakanin turaku.

Gola ya san mutumin nan sani na gaske, sai dai ta baya ya san shi. Ya san kafaɗarsa ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka, irin ta wanda ya daɗe yana hawa tsani da bokiti. Ya san ƙeyarsa mai ninki biyu, da yadda yake jefa ƙafar hagu waje in yana tafiya, da yadda yake zagayo da hannun hagu ta bayan kai ya sosa kunnen dama, alhali hannun dama na nan a kusa ba ya aikin komai. Ya san mai fenti ne, don kowace Lahadi akwai ɗigo-ɗigo a wuyansa da gwiwar hannunsa, har Gola kan gane launin gidan da aka yi wa aiki a makon. Ta gaba kuwa ba wani abin kirki: gemu mai furfura, da wata hular saƙa da yake ja har gira ko ana zafin da ke narkar da kwalta. In sun haɗu kafin wasa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Gola." Gola ya ce, "Biyar." In an tashi ya hau shuɗin babur ɗinsa ya tafi, ko ruwa ba ya tsayawa sha.

Amma da alƙali ya yi fito, Biyar ya ba Gola baya, sai bakinsa ya buɗe. Magana yake yi tun daga farko har hutun rabin lokaci, ya huta, ya ɗora daga inda ya tsaya, kuma ko sau ɗaya ba ya waiwayowa. Yakan yi maganar tsadar fenti, da masu gidan da za su ce fari suke so sai an gama su ce ba irin wannan farin ba. Yakan yi maganar gwiwarsa, da matarsa da ke riƙe masa riga a kan babur kamar zai gudu ya bar ta, da yadda Gola ke kama ƙwallo kamar an miƙo masa tukunya mai zafi. Yana da ban dariya ƙwarai, kuma shi ba ya dariya, sai dai kafaɗun su ɗan girgiza. Abin da Gola ke sawa a hirar bai wuce "Bar ta," da "Fitar da ita," da "Ga mutum a bayanka" ba. Biyar bai taɓa barin ƙwallon da aka ce ya bari ba, kuma a ganin Gola wannan shi ne dalilin rabin zuwansa kwata.

Abin da ya fi yawan magana a kai shi ne ɗansa. Ba ya faɗin sunansa, "yaron nan nawa" yake cewa. Gola na tsaye tsakanin turaku yaron ya yi ƙyanda, ya karya hannu a kan katangar maƙwabta, ya shiga babbar makaranta, ya fara aske gemu da rezar ubansa yana mayarwa a jiƙe. Ranar da sakamakon jarrabawarsa ya fito, Biyar ya tsaya yana lissafa darussa ɗaya bayan ɗaya da abin da yaron ya samu, 'yan gaba suka wuce shi ta dama da ta hagu suka zura biyu, bai ko katse zancen ba. Bayan wasu shekaru ya ba da labarin yaron ya sami aiki a wani gari mai nisa, ya faɗi girman ofishin da irin kujerar da za a ba shi, sannan bayan hutu ya yi shiru har aka tashi. Sun ci wasan ranar, don Biyar ya tsare baya kamar da gaske. Gola bai ji daɗin cin ba ko kaɗan.

Wata Lahadi Biyar bai zo ba. Aka sa wani tela a wurinsa, mutumin kirki, amma kowane lokaci sai ya juyo ya kalli Gola ya yi masa murmushi, abin ya dame shi har ya rasa inda zai ajiye idonsa. Aka kira lambar wayar da kowa ya adana da sunan Biyar, aka ji ta a kashe. Lahadin da ta biyo, mai facin taya da ke buga musu gefen hagu ya zo bai ko cire takalminsa daga leda ba. Ya ce makanikin da ke gyara shuɗin babur ɗin ne ya gaya masa mai babur ya rasu, ciwon 'yan kwanaki, har an yi jana'iza.

Suka tsaya a tsakiyar fili suka yi masa addu'a, alƙali ma ya fito daga inuwa. Da aka shafa, wani ya ce sai a je a yi ta'aziyya, kowa ya ce haka ne. Sai aka tambayi gidan. Aka kalli juna. Aka tambayi sunan, sai ga sunaye kala-kala, kowa na rantsuwa da nasa, har tela da bai daɗe da shigowa ba ya kawo ɗaya. Abin da mai faci ya iya samowa daga makaniki shi ne layin, wanda ke bayan babban tankin ruwa. Aka tsayar za a tafi gaba ɗaya wata Lahadin bayan wasa. Gola ya san ma'anar gaba ɗaya a bakin mutanen nan, don da gaba ɗaya aka ce za a sayi raga tun yana da baƙin gashi.

A gida ya gaya wa matarsa abokinsa ya rasu. Ta ajiye wankin da take ninkewa ta yi masa gaisuwa da gaske, ta tambayi wane ne. Ya ce Biyar. Ta ce ta ji, sunansa take tambaya. Ya hau duba tafin hannunsa.

"Malam," ta ce, "shekara da shekaru kana dawowa kana zagin mutum a kan abinci, ba ka san sunansa ba?"

Ya ce ai ba zagi ba ne, gyara ne. Ta tambaye shi in ya je gidan me zai ce musu, ya ce abin da kowa ke cewa. Ta ci gaba da ninke wankinta, ta ce to Allah ya sa ya gane gidan. Maganar ta tsaya masa a rai. Kunya ya ji, ya kuma ji tsoro, don ya ce abokinsa ne da bakinsa, amma da za a ce ya kawo shaida ba shi da komai sai ƙeya da kafaɗa. Yana son ya je ya zauna a ƙofar da mutumin nan ke fitowa, ya ce wa masu shi Allah ya jiƙansa, su ji daga bakin wanda ya san shi. Washegari da la'asar ya rufe shago, ya sa tufafinsa na fita, ya manta tabaransa na karatu a kan bargon tebur.

Layin bayan tanki matsattse ne, da kwata a gefe ɗaya, gidaje kuma duk kusan fuska ɗaya. Wajen tsakiya ya ga kujerun roba da tabarmi a ƙarƙashin rumfa, da dattawa zaune. Ya duba ko zai ga shuɗin babur, bai gani ba. Ya yi sallama, ya bi su hannu da hannu, ya yi gaisuwa yadda ake yi. Wani ya tambaye shi daga ina, ya ce shi abokin marigayin ne. Sai ya ga an ɗan kalle shi, aka matsa masa kujera mai hannu.

Ya zauna yana sauraro. Maƙwabta na yabon marigayin, kuma yabon iri ɗaya ne: mutum ne mai shiru. Wani ya ce shekarun da suka yi katanga ɗaya bai taɓa jin muryarsa ta tsallako ba. Wani ya ce in ka gaishe shi ya amsa, ka gama jin labarin ranar. Wani mai shagon kayan masarufi ya ce nuni yake yi da yatsa, a ba shi, ya biya, ya tafi. Gola ya fara shakka. Ya tambaya a hankali wane aiki marigayin yake yi, aka ce aikin gine-gine, kamar rabin mutanen layin. Ya tambayi babur, aka ce akwai, ƙaninsa ya tafi da shi. Launinsa fa? Ɗaya ya ce baƙi ne, ɗaya ya ce kore, suka ɗan yi gardama suka bari saboda wurin zaman makoki ne. Da ya ambaci ƙwallo, wani tsoho mai sanda ya ce shi dai ko ruwan sama bai taɓa ganin ya sa marigayin gudu ba.

Tsohon nan ne ya ƙarasa rikita Gola. Ya ce makon ya zo wa layin da nauyi, don a can ƙarshe ma an yi rashi, wani bawan Allah mai surutu, in ya tare ka a hanya sai ka nemi wurin zama. Gola ya sha jinin jikinsa. Ya tabbata ya ɓata gida, ya zo ya zauna a kujera mai hannu a kan ƙarya, nasa mamacin na can ƙarshen layi. Ya fara neman takalminsa da ƙafa ba tare da ya duba ƙasa ba, yana jiran a shigo da sababbin baƙi ya sulale.

Bai samu ba. Wani mutum mai shekara talatin da 'yan kai ya fito daga cikin gidan, aka nuna masa Gola, ya zo ya durƙusa a gabansa. Babban ɗan marigayin ne, aka ce daga wani gari ya zo. Ya amsa gaisuwa da kalma ɗaya-ɗaya, idonsa a ƙasa. Gola ya ƙare wa fuskarsa kallo bai samo komai ba. Don ya fita daga shakka ya tambaya ko akwai hoto. Ɗan ya ciro waya ya nuna masa, ya ce Baba ba ya son hoto, wannan kaɗai suke da shi, daga tsohon katin shaida aka ɗauko. Wani siririn saurayi ne mai gashin baki, ba gemu, ba hula, ya zaro ido kamar an kama shi da laifi. Gola ya nesanta wayar, ya kusanto da ita, ya laluba aljihu babu tabarau. Zai iya zama Biyar, zai iya zama kowa.

"Babu wanda aka ɗauke shi ta baya?" ya ce.

Ɗan ya ɗago ya dube shi irin duban da ake yi wa tsohon da baƙin ciki ya taɓa. Ya ce babu. Ya mayar da wayar aljihu, sannan ya faɗi magana mafi tsawo da Gola ya ji daga bakinsa.

"Baba, tun da aka fara zaman nan kowa ya zo maƙwabci ne, ko ɗan uwa, ko wanda suka yi aiki tare. Kai kaɗai ka ce abokinsa. Don Allah ka shigo Mama ta gan ka."

Gola ya buɗe baki zai ce an yi kuskure, ya ga dattawa duk sun zuba masa ido suna gyaɗa kai. Ya miƙe. A ransa yana cewa yau ga mutum da furfurarsa zai shiga ya yi wa matar da mijinta ya mutu ƙarya a tsakar gidanta, ya ƙirƙiro abota da wanda bai taɓa gani ba. Ya yanke shawarar zai yi addu'a gajeriya ya fito, in ta tambaye shi wani abu ya ce ai sai haƙuri.

Hanyar shiga gidan wani dogon lungu ne da ba ya ɗaukar mutum biyu a jere. Ɗan ya wuce gaba, Gola ya bi shi. Da farko ƙasa yake kallo saboda wasu bokitai da aka jera a gefe. Da ya ɗago, sai ya ga kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka, a jikin mutumin da aikinsa zaman ofis ne. Ya ga ƙafar hagu ana jefa ta waje. Ya ga ƙeya, ninki ɗaya ya fito sosai, na biyun yana hanya. Suna kusa da ƙarshen lungun ɗan ya ɗaga hannun hagu, ya zagayo da shi ta bayan kai, ya sosa kunnen dama.

Gola ya dafa bango. Fentin bangon sumul yake, an yi shi da kyau, ba a bar ko sawun buroshi ba. Sai a lokacin mutuwar ta iso masa, don a fili da aka faɗa jin ta kawai ya yi da kunne. Idonsa ya cika, ya tsaya har ɗan ya juyo ya tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, gwiwa ce.

Matar na zaune a kan tabarma a tsakar gida, da ƙanwarta a gefe tana tsince wani abu a faranti. Ɗan ya ce mata ga abokin Baba. Gola ya tsuguna daga nesa ya yi gaisuwa. Ta amsa, ta dube shi, ta dubi hannayensa masu tabon yankan gilashi.

"Kai ne Gola," ta ce. "Mai sakin ƙwallo."

Ya ce shi ne. Ya so ya ƙara da cewa ba duka ne laifinsa ba, ya ga ba wurin ba ne.

Ta ce ta san shi sarai. Ta san kwatar, ta san direban da ba ya barin inuwa, ta san ranar da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ya ce rana ce ta shiga idonsa alhali hadari ake yi. Ɗan na tsaye yana kallon uwarsa kamar wani yare take yi. Ta ce a cikin gida mutumin nan sai ka yi da gaske kake jin tarinsa, in ka zauna gabansa ka tambaye shi abu sai ya kalli bango. Amma da ta hau bayan babur, ya ga titi a gabansa, ita kuma tana baya, sai magana ta ɓalle har su isa inda za su. Ta gano haka tun suna sabon aure, shi ya sa ba ta taɓa rasa inda za a kai ta ba.

"Na ziyarci 'yan uwan da ko son ganinsu ba na yi," ta ce. Ƙanwarta ta ɗago daga farantin ta dube ta, ta mayar da kai.

Ɗan ya ce, ba da kowa yake ba, shi bai san Baba na buga ƙwallo ba sai dai ya ga ana shanya riga. Ya ce in ya kira waya daga can, gaisuwa ce kawai, sai Baba ya ce ga mamanka. Bai faɗa da ɗaci ba, amma Gola ya ji abin da ke ƙasan maganar, kuma ya gane cewa abin da ya zo da shi ba na matar ba ne. Duk hanya yana tunanin me zai ce, ashe yana da shi tun tuni. Ya gyara tsugunonsa ya fuskanci ɗan.

"Ranar da jarrabawarka ta fito," ya ce, "an ci mu biyu."

Ɗan bai gane ba. Gola ya yi masa bayani dalla-dalla, yadda ubansa ya tsaya a tsakiyar yashi yana jera darussa, yadda ya maimaita na lissafi don ya ga kamar Gola bai ji ba, yadda aka wuce shi ta dama da ta hagu. Ya gaya masa ƙyandar, da hannun da ya karye a katanga, da rezar da yake mayarwa a jiƙe, wadda uban ya sani tun ranar farko bai ce komai ba, sai ya sayo wata ya ɓoye. Ya gaya masa ofishin da kujerar, da shirun da ya biyo baya har aka tashi. Bai ƙara gishiri ba, don ba ya cikin halinsa, kuma labarin ba ya bukata. Matar na gyaɗa kai a wasu wuraren, a wani wurin ta gyara masa, ta ce hannun dama ne ya karye ba na hagu ba. Ɗan ya zauna a bakin rijiya ya rufe fuskarsa da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza, ba a san ko kuka ne ko dariya ba, mai yiwuwa shi ma bai sani ba.

Da Gola ya tashi tafiya, matar ta ce rigar na nan a wanke, in 'yan filin suna so. Ya ce a bar ta a gida. Sunan marigayin ya ji shi a bakin masu addu'a a waje, suna ne mai kyau, kuma babu ɗaya daga cikin waɗanda aka yi ta rantsuwa a kansu a fili da ya yi kusa da shi. Ya riƙe shi don ya kai wa matarsa, amma a ransa bai zauna ba.

Ɗan ya ce zai raka shi bakin titi. Suka yi sallama da dattawa, suka kama layin. Saboda kwatar da ke gefe da baburan da aka ajiye, dole ɗaya ya wuce gaba, ɗan ya wuce. Suka ɗan yi nisa. Sai Gola ya ji murya daga gaba, ba a juyo ba. Ɗan yana cewa kujerar nan ta ofis ba wata kujera ba ce, ƙafarta ɗaya a karye take, da kwali ya tokare ta. Ya ce garin akwai tsada, ɗakin da yake haya fentinsa duk ya tashi, kullum in ya kalle shi sai ya ce in Baba ya zo zai yi faɗa, kuma bai taɓa ce masa ya zo ba. Ya ce matarsa na da ciki, ya yi niyyar faɗa a waya, aka ce masa ga mamanka.

Gola ya rage sauri, ya bar tazarar da ya saba bari. Suka fito bakin titi, motar da za ta kai shi unguwarsu na tsaye tana neman mutum ɗaya, kwandasta na buga ƙofa. Ɗan bai lura ba, ya karya kwana ya bi gefen titi yana ci gaba da magana, ya shiga labarin mai gidan hayarsa. Gola ya kalli motar, ya girgiza wa kwandasta kai, ya bi bayansa.